Duk gwaje-gwajen sun fito lafiya, amma ni na san ba ni da lafiya

Shekara huɗu cur ina jin magana ɗaya daga bakin likitoci, "Malama ba mu ga komai ba, rizolt ɗinki duk nomal ne." Da farko har daɗi nake ji idan aka faɗa min haka, in yi hamdala in ninke takardar in jefa a jaka, sai daga baya na lura ashe kullum da ciwon da na shiga ɗakin likita nake fitowa, har da ƙari ma, don ga wani tunani ya hau kaina wai ko dai ni ce nake ƙirƙiro wa kaina ciwo. Wallahi wannan tunanin ya fi ciwon kansa cin rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani tun daga farko har zuwa ranar da aka sa wa abin suna, wato faibromayaljiya, da kuma abin da ya biyo baya, ko Allah zai sa wata ko wani da ke cikin irin wannan halin ya karanta ya san ta inda zai ɓullo wa lamarin.

Yadda abin yake kuwa, in tashi da safe jikina kamar an kwana ana jibgata, wuya, kafaɗu, gadon baya, ƙugu, cinyoyi, har tafin ƙafa idan na taka ƙasa sai in ji kamar a kan tsakuwa na tsaya. Kuma ciwon ba ya zama wuri ɗaya, yau yana kafaɗar dama gobe ya koma gwiwar hagu, wanda hakan ma yana sa mutane su daina yarda da ke, ai jiya kin ce baya ne yau kuma ƙafa? Barci kuwa sai in yi awa takwas ko tara in farka kamar ban runtsa ba. Ranar da abin ya fi taɓa min zuciya, ƙaramar 'yata ce ta dawo daga makaranta da gudu ta rungume ni ta baya, hannun yarinya 'yar shekara biyar fa, amma zafin da na ji a haƙarƙarina sai da na yi ƙara na ture ta. Ta tsaya tana kallona idonta ya ciko da hawaye ta ce "Mama me na yi?" Ban iya ba ta amsa ba. Taje mata kai ma ya gagare ni, hannuna ba ya iya minti biyu a sama, sai in ajiye matajin in ce ta je wajen yayarta.

Ga kuma wani abu da na daɗe ina ɓoyewa, kaina ya zama kamar hazo ya rufe shi. A ofis ina cikin magana kalma ta ɓace min, kalma mai sauƙi irin makulli ko ambulan, in tsaya ina nuna abin da hannu. In karanta layi ɗaya sau uku ban fahimta ba. Na ɗauka ƙwaƙwalwata ce ta fara samun matsala, tsoro ya hana ni faɗa wa kowa, ko maigida bai sani ba.

Mutane kuma kowa da tasa, wannan ya ce son jiki ne, wancan ya ce sitires ne ki rage tunani, wata ta ce ai ga ki nan kin yi kyau har da ƙiba wane irin ciwo kuma. Umma ce kaɗai tun farko ta ce "yarinyar nan ba haka take ba, ni na haife ta na san ta." To da yake ba a ga komai ba sai na koma wa maganin kashe zafi, diklofenak da safe, aibufurofen da rana, parasitamol a tsakani, kusan kullum, na fi shekara ina haka. Ba ya ma wani yi min aiki sosai amma ina sha don dai in ji na yi wani abu. Sai da cikina ya fara zafi kamar an hura wuta a ciki tukunna wani likita ya tambaye ni me nake sha, da na lissafa masa sai ya ajiye biro ya ce min waɗannan magungunan idan aka daɗe ana sha suna kawo olsa har ciki ya yi jini, suna taɓa ƙoda, suna iya ɗaga hawan jini, parasitamol kuma idan ya wuce giram 4 a rana ga babban mutum hanta ce ke shan wahala. Akwai wata da ta taɓa miƙo min tiramadol ta ce shi ne zai yi min maganin abin, Allah ya taimake ni ban karɓa ba.

Shi wannan likitan, Allah ya saka masa da alheri, shi ne mutum na farko da ya ce min "Malama, rashin ganin abu a gwaji ba shi ne rashin ciwo ba, abin ya fi ƙarfin ɗakina, zan tura ki wajen rumatolojis." Wato ƙwararren likitan gaɓoɓi da tsoka da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ya kuma ba ni wani aiki, ya ce kafin ranar ganin konsaltan ta zo in samu ɗan littafi in riƙa rubuta komai kullum. Wannan shawarar ita ce mafi amfanin abin da aka taɓa faɗa min a duk shekarun nan. Na yi sati bakwai ina rubutawa, ƙarfe nawa na kwanta, sau nawa na farka, ina ne ke ciwo, in ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, me na yi a ranar, me na sha, yaya na tashi washegari. Layi uku ko huɗu ne kawai a rana, wata rana ma kalma biyu, "8, kwance."

Ranar da na shiga wajen rumatolojis ɗin, mace ce, na shirya jin irin maganar da na saba ji, sai ta karɓi littafin ta fara buɗawa shafi-shafi tana karantawa ba ta ce komai ba kusan minti biyar. Sannan ta fara tambaya, tambayoyin da ba wanda ya taɓa min, ko gaɓoɓina suna kumbura su yi ja, ko sandarewar safe tana wuce awa ɗaya, ko gashina na zubewa, ko bakina na yin ƙuraje, ko rana na sa fatata ta yi borin jini, ko yatsuna na canza launi a sanyi, ko ina minshari, ko ƙafafuna suna hana ni sakat da daddare, yaya al'adata take, ciwon kai fa, cikina fa yana kumburi ko ya riƙa ɓaci yana ɗaurewa. Ta duba gaɓa ɗaya bayan ɗaya da hannunta, ta gwada ƙarfin hannu da ƙafa. Daga nan ta miƙo min wata takarda mai zanen jikin mutum gaba da baya an raba shi gida 19, ta ce in yi alama a duk inda ya yi min ciwo cikin satin da ya wuce. Na yi alama a guri 14. Ina gamawa na kalli takardar sai hawaye, don karo na farko ke nan da na ga ciwona a waje, a kan takarda, inda wani ma zai iya gani.

Amma ba a ranar ta faɗi suna ba, kuma yanzu na gane dalili. Ta ce akwai cututtuka da yawa da ke zuwa da irin wannan kamannin kuma wasunsu suna da magani kai tsaye, zalunci ne a manna wa mutum suna alhali abin da ke damunsa ana iya gyara shi cikin wata uku. Ta rubuta gwaje-gwaje, kuma kowanne sai da ta faɗa min me take nema da shi. Ƙididdigar jini da feritin saboda ƙarancin jini da ƙarancin sinadarin ayon a jiki, don mutum na iya samun jininsa bai sauka ba amma ajiyar ayon ɗinsa ta ƙare kuma gajiya ta kama shi. TSH saboda tairod, ƙullin nan na maƙogwaro, idan ya yi sanyi yana kawo gajiya da ciwon tsoka da ƙiba da jin sanyi. Bitamin D da B12. Suga. Ƙoda da hanta. ESR da CRP da ke nuna ko akwai kumburi a jiki, CK da ke nuna ko tsoka na lalacewa, sai kuma gwajin amosanin gaɓɓai na rumatoyid da ANA da ake yi idan ana zargin lufus, ɗaya daga cikin cututtukan nan da garkuwar jiki ke yaƙar mai ita. Ta tambayi magungunan da nake sha ma, don akwai na rage kitsen jini da ke sa wasu ciwon tsoka.

Abu biyu suka fito, feritin ɗina ya yi ƙasa, bitamin D ma haka. Sai kuma ANA ya nuna alama kaɗan, na shiga intanet da daddare na karanta abin da ya hana ni barci kwana uku, na riga na yanke wa kaina cewa lufus ne. Da na koma ta ce in kwantar da hankalina, mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya ana samun ANA ɗinsu ya nuna a ƙaramin mataki, gwajin shi kaɗai ba ya nufin komai sai an haɗa shi da alamomi, ni kuma ba ni da su. Don Allah idan kun karɓi rizolt kada ku fassara wa kanku da tsakar dare, ku kai wa wanda ya rubuta shi. Aka ɗora ni kan maganin ayon da bitamin D na wata uku. Gajiyar ta ɗan sassauta, numfashina ya daina sama-sama idan na hau bene, amma ciwon yana nan daram inda yake.

A zuwa na uku ne ta ce "Malama, abin da ke damunki sunansa faibromayaljiya." Ta juyo da takardar ta nuna min lissafin, ta ce a da, bisa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar a 1990, sai an danna wurare 18 a jiki an samu aƙalla 11 suna zafi, amma an sauya wannan a 2010 aka ƙara gyarawa a 2016. Yanzu ana duba yawan wuraren da ke ciwo cikin 19 ɗin nan, a haɗa da makin tsananin gajiya da barcin da ba ya wartsakarwa da hazon kai da sauran alamomi wanda ke kaiwa 12, idan wuraren sun kai 7 makin kuma ya kai 5, ko wuraren 4 zuwa 6 makin ya kai 9, kuma ciwon ya bazu a aƙalla sassa huɗu cikin biyar na jiki, ya kuma ɗauki wata uku ko fiye, to ya cika. Ni 14 da 9 na samu. Ta ce wajen mutum 2 zuwa 4 cikin 100 ne ke da shi, an fi gano shi a mata amma maza ma suna yi, kuma da yawansu ba a taɓa faɗa musu ba.

Na tambaye ta to me ya lalace a jikina? Ta ce tsokarki lafiya lau, gaɓoɓinki lafiya lau, shi ya sa hoto da gwajin jini ba sa nuna komai, matsalar tana cikin yadda laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon zafi. Ta ce ki ɗauka rediyo ce aka murɗa muryarta har ƙarshe makunnin ya maƙale a can, ƙaramin motsi sai ya fito da ƙara, taɓawar da wani zai ji a matsayin taɓawa ke sai ta iso miki a matsayin zafi. Nan take rungumar 'yata ta faɗo min. Ta ce zafin na gaske ne, an auna an gani, an samu wani sinadarin isar da saƙon zafi ya ninka a ruwan lakar masu wannan ciwon, kuma a 2017 ƙungiyar masu nazarin zafin ciwo ta duniya ta ware wa irin wannan zafin suna nasa daban da na rauni da na lalacewar jijiya. Hukumar lafiya ta duniya ma a sabon kundinta na cututtuka, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, ta sa ciwon da ya wuce wata uku wanda ba wata cuta ce ta haifar da shi ba a matsayin cuta mai zaman kanta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar barci. Tun 1975 wani likita a Kanada mai suna Harvey Moldofsky ya riƙa katse wa masu lafiya barcinsu mai nauyi na 'yan kwanaki, sai ga su sun tashi da ciwon tsoka da zafin taɓawa irin namu. Wato barcin nan da nake yi awa tara ba ya kaiwa zurfin da jiki ke gyara kansa.

Akwai wata tambaya da ta tsaya a kai sosai, ta maimaita ta ta hanya uku, kuma ita ce nake so duk mai fama da gajiya ya riƙe. Ta ce idan kika yi aiki fiye da yadda kika saba, me ke faruwa washegari da jibi, gajiya ce ta yau da kullum ko kuwa rushewa kike yi gaba ɗaya kamar mura mai tsanani ta kama ki, kuma kwana nawa kike yi kafin ki dawo? Dalili shi ne akwai wata cutar da ke kama da tawa sosai har wasu suna da duka biyun, ciwon gajiya mai naci da ake taƙaitawa ME/CFS. Babbar alamarsa ita ce wannan rushewar bayan aiki, ko na jiki ko na tunani, kuma ba nan take take zuwa ba, takan jira awa 12 zuwa 48 sannan ta kwantar da mutum kwanaki ko makonni. Wani kwamitin ƙwararru a Amurka a 2015 ya sa ta cikin sharuɗɗan da dole a samu, tare da raguwar iya aiki sosai na tsawon wata shida da barcin da ba ya wartsakarwa, sai ko dai hazon kai ko kasa jure tsayuwa. Bayan korona mutane da yawa sun faɗa irin wannan halin. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai saboda motsa jiki, wanda shi ne kan gaba wajen kula da faibromayaljiya, har ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai a shawarwarinta na 2017 shi kaɗai ta ba goyon baya mai ƙarfi, shi ɗin dai yana iya ƙara kwantar da mai ME/CFS idan aka ce dole kullum ya ƙara. Hukumar NICE mai fitar wa likitocin Ingila ƙa'idojin kula da marasa lafiya a 2021 ta cire tsarin ƙara motsa jiki mataki-mataki daga shawarwarinta ga masu ME/CFS saboda haka. To ku duba fa, shawara ɗaya, "ki daure ki riƙa motsa jiki," ga wata magani ce ga wata kuma cutarwa, wanda bai yi wannan tambayar ba ta yaya zai san wacece a gabansa? Littafina ne ya ba da amsa a nawa ɓangaren, ta bi ranakun da na yi aiki da yawa ta ga ciwon na tashi washegari amma ina dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da wannan rushewar ba, ta ce ban cika sharuɗɗan ME/CFS ba amma duk da haka a hankali za mu bi, idan na ga alamar rushewa in tsaya in sanar da ita.

Maganar magani kuma ta faɗa min gaskiya tun farko, ta ce babu ƙwayar da za ta ɗauke shi gaba ɗaya, idan aka samu ya ragu da kashi 30 cikin 100 kika kuma koma yin abubuwan da kika daina to an ci nasara. Raina ya ɗan sosu da na ji haka amma gara da ta faɗa. Mun fara da amitiriptilin miligiram 10 da daddare. Da na ga takardar cikin kwalin ta ce maganin ciwon damuwa ne sai na kira na ce Dakta ni fa ba damuwa na ce ina da ita ba, ta ce ta sani, a wannan ɗan ƙaramin adadin aikinsa rage ƙarar saƙon zafi ne da gyara barci, adadin da ake bayarwa don damuwa ya ninka wannan sau da yawa. Satin farko bakina ya bushe ƙayau, da safe kaina ya yi nauyi, sai ta ce in riƙa sha awa biyu zuwa uku kafin in kwanta maimakon daf da kwanciya, hakan ya gyara. A sati na huɗu na farka wata safiya na ji wani abu da na manta yadda yake, na ji na yi barci.

Daga baya mun gwada piregabalin, wanda aka fi sani da Lyrica, hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi don wannan ciwon a 2007. Ni bai karɓe ni ba sam, jiri, ƙafafuna suka kumbura, hazon kan ya ƙaru, muka janye shi a hankali cikin makonni don ba a yanke shi rana ɗaya. Su kansu ƙwararrun ba su haɗu a kansa ba, NICE a 2021 ta ce kada a fara ba masu irin wannan ciwon piregabalin ko dangin tiramadol da kodin da mofin, har su aibufurofen da parasitamol ta ce ba su da wata hujjar amfani a nan, kuma Ingila ta sa piregabalin cikin magungunan da ake sa wa ido tun 2019 saboda jiki na sabawa da shi. Na san wadda ya yi wa aiki sosai, don haka ba cewa nake kowa ya guje shi ba, abin da nake cewa a sha shi ƙarƙashin likitan da zai bibiya, ba a karɓa a hannun ƙawa ba. Dangin tiramadol kuwa Dakta ta ce idan aka daɗe a kansu suna iya ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, ga jiki ya saba da su, wato a je neman sauƙi a dawo da ciwo biyu.

Abin da ya fi canza min rayuwa dai ba a kwali yake ba, wajen fisiyo na same shi, wato ma'aikacin lafiyar da ke yi wa mutum magani ta hanyar motsa jiki. Na je ina tsammanin za a sa ni tsalle-tsalle, sai mutumin ya ce tafiyar minti nawa kike iya yi ba tare da kin biya bashinta gobe ba? Na ce wataƙila goma. Ya ce to biyar za ki riƙa yi. Biyar kacal, kullum, ranar da kike jin daɗi biyar, ranar da ba kya jin daɗi ma biyar ko uku. Ya nuna min a littafina abin da nake yi wa kaina ban sani ba, duk ranar da na tashi da sauƙi sai in ce yau zan rama, in yi wanki in yi shara in goge ko'ina in gyara ɗakin yara, washegari maki 8, jibi 7, sai in kwanta in jira wata ranar sauƙin in sake maimaitawa. Ya ce ranar sauƙi ita ce ranar haɗari. Ya koya min in sa agogon waya minti 20, idan ya buga in ajiye aikin ko ban gaji ba in zauna minti biyar zuwa goma, in tsaya tun kafin jiki ya tsayar da ni. Wallahi wannan ya fi shan magani wuya, ka ga aiki saura kaɗan ka bar shi ka zauna. Duk sati biyu muna ƙara minti ɗaya ko biyu a tafiyar idan jiki ya yarda, idan bai yarda ba mu koma baya ba tare da jin an faɗi ba. Wata takwas kafin na kai minti 25. Ya ƙara min da miƙe-miƙen tsoka masu sauƙi da wanka da ruwan ɗumi kafin kwanciya, da kwanciya da tashi a lokaci ɗaya kullum, waya kuma a waje da gado.

Da Dakta ta ce za ta haɗa ni da saikolojis, wato masaniyar halayyar ɗan adam da tunani, raina ya ɓaci sosai, na ce ashe ke ma kin koma layinsu, a kaina abin yake ko? Ta matso da kujerarta ta ce "Malama, na yarda da ciwonki ɗari bisa ɗari, amma shekara huɗu kina ɗauke da shi ba wanda ya yarda da ke, wannan ma rauni ne, kuma tsoro da fargaba suna ƙara murɗa rediyon nan sama." Na je ba don ina so ba. Zama takwas muka yi, a nan na gane duk sanda ciwon ya tashi abin da zuciyata ke fara faɗa shi ne shikenan na koma gidan jiya, zan ƙare a kwance, yarana za su tashi ba uwa, kuma da wannan tunanin ya zo sai kafaɗuna su ɗaure numfashina ya gajarce ciwon ya ƙaru. Ba ta ce in daina jin zafi ba, ta koya min in gane tunanin idan ya zo, in tuna cewa tashin ciwon yana da farko yana da ƙarshe, kuma ina da tsarin abin da zan yi a irin ranar.

Wata rana na roƙi Abban yara ya raka ni. Mutumin kirki ne, bai taɓa min gori ba, amma na san a ransa yana ganin da na ƙara daurewa da abin ya wuce. Dakta ta zaunar da shi ta zana masa rediyon nan, ta nuna masa takardar gida 19. A hanyar dawowa ya yi shiru mai tsawo sannan ya ce "ki yafe min, ban san haka kike kwana kike tashi ba." Idan da hali ku tafi da wanda kuke zama da shi ko sau ɗaya ne, abin da kika shekara kina faɗa ba a ji ba wani lokacin daga bakin likita minti goma ya isa.

Wani gargaɗi da ta yi min wanda nake ganin wajibi ne in isar, samun suna ba ya nufin duk abin da ya taso a jingina shi da faibromayaljiya. Mai wannan ciwon ma yana iya kamuwa da wata cutar kamar kowa. Rama ba dalili, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, gumin dare mai jiƙa kaya, gaɓa ta kumbura ta yi ja ta yi zafi, hannu ko ƙafa ya rasa ƙarfi, fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ciwon ƙirji, ko wani sabon ciwo a guri ɗaya da ke ƙaruwa kullum yana tada mutum daga barci, waɗannan ba na jira ba ne, asibiti ake tafiya. Kuma idan za ku je wajen ƙwararre ku haɗa duk tsofaffin rizolt a fayil ɗaya bisa kwanan wata, ku zuba duk magungunan da kuke sha a leda ku tafi da su har waɗanda ba likita ne ya rubuta ba, ku rubuta tambayoyi uku da suka fi damunku a takarda don hazon kai zai iya ɗauke su da zarar kun zauna. Kada ku ce "ko'ina ciwo yake" ku tsaya nan, ku faɗi abin da ciwon ya hana ku yi, ni da na ce ba na iya taje wa 'yata kai na ga Dakta ta rubuta shi, kuma shi ta riƙa tambayata duk zuwa.

Yanzu shekara ɗaya da wata biyar ke nan da sa wa abin suna. Ban warke ba, yawancin ranaku makina 3 ne ko 4, a wata nakan samu kwana uku ko huɗu da yake haurawa 7, musamman idan barci ya lalace ko na karya dokar minti 20. A irin ranakun nakan rage komai zuwa rabi, in sa abin ɗumi a baya, in yi tafiyar minti biyar ko a cikin gida ne, in faɗa wa mutanen gidan yau ranar ce, sun riga sun gane. Littafin yana nan ina rubutawa, wannan na uku ke nan. Jiya da yamma na zaunar da 'yata a ƙasa ni ina kan kujera na dafa gwiwar hannuna a kan matashi kamar yadda fisiyo ya nuna min, na taje mata rabin kai, agogo ya buga muka huta ta kwanta a cinyata, sannan muka ƙarasa ɗaya rabin. Wata mai zuwa zan koma wajen Dakta, za a sake auna feritin, kuma na riga na rubuta tambayata ta farko a takarda, ko lokaci ya yi da za mu gwada tafiyar minti 30.